Ƙungiya ta gyara filin unguwa, tana neman a sa masa sunanta: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A unguwarmu akwai filin shaƙatawa na jama'a wanda tun muna yara ake kiransa da sunan wata tsohuwar kuka da ke tsakiyarsa. Ya daɗe a lalace, har wata ƙungiyar 'yan kasuwa, waɗanda yawancinsu 'yan unguwar ne, ta zagaye shi da katanga, ta haƙa rijiyar burtsatse, ta kafa fitilu masu aiki da hasken rana da kujerun zama. Yanzu ta rubuta wa ƙaramar hukuma tana neman a sa wa filin sunanta. Unguwa ta rabu biyu: wasu na cewa hana su butulci ne, wasu na cewa ba a sayar da sunan da aka gada. Ina cikin kwamitin da hakimi ya naɗa don ba da shawara. Mene ne ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba ku ikon sauke wannan amana. Shawarata, a matsayina na wanda ya daɗe a aikin tsara birane, ita ce ku bar wa filin sunansa na asali, ku sa sunan ƙungiyar a kan abubuwan da ta gina da kuɗinta, sa'annan ku rubuta yarjejeniya mai wa'adi wadda za ta ɗaure wannan karramawa da ci gaba da kula da wurin. Ga dalilan da suka kai ni ga wannan matsayi.

Abu na farko da ya kamata kwamitinku ya auna shi ne girman abin da aka bayar da girman abin da ake nema a madadinsa. Ƙungiyar ta ba da katanga da ruwa da haske da wurin zama, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan. Amma ƙasar da aka yi waɗannan ayyuka a kanta ba ita ta saya ba, kuma duk wanda ya san farashin fuloti a cikin gari ya san cewa kuɗin katanga da burtsatse ba sa kusantar darajar buɗaɗɗen fili a tsakiyar unguwa. Babbar gudummawar da ta sa filin ya wanzu har yau ta fito ne daga mutanen da suka ƙi yarda a yanka shi a rabar, da masu unguwannin da suka tsaya a kansa lokacin da ake ta cinye irinsa, da samarin da ƙwallonsu ta kowace yamma ta hana kowa ya ɗauke shi a matsayin kango. Sunan fili ya ƙunshi wannan duka. Idan aka miƙa shi ga wanda ya zo da gyara daga baya, an biya shi da abin da ya fi kyautarsa tsada, kuma an biya shi daga aljihun waɗanda ba a tambaye su ba. Hausawa sun riga sun yanke wannan shari'a da suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk da haka, kada ku ɗauki masu goyon bayan ƙungiyar a matsayin 'yan kanzagi, domin maganarsu tana da nauyi. Yaba kyauta tukwici, kuma unguwar da ta yi suna wajen rashin godiya za ta wayi gari babu mai sa hannu a aljihu dominta. Mun sha ganin filaye da makarantu da asibitocin sha-ka-tafi da hukuma ta yi watsi da su shekara da shekaru, ba su farfaɗo ba sai da wani mai hali ko wata ƙungiya ta tausaya. Waɗannan 'yan kasuwa suna iya kashe kuɗinsu a wani wuri, sai suka zaɓi mahaifarsu. Saboda haka batun karrama su ba abin muhawara ba ne, wajibi ne a kanku. Abin da ake taƙaddama a kai shi ne irin karramawar, kuma da zarar kun raba waɗannan tambayoyi biyu a gaban jama'a za ku ga zafin gardamar ya ragu, domin yawancin masu cewa "butulci ne" tsoronsu shi ne a sallami mutanen hannu rabbana.

Kafin ku je ga ra'ayoyi, ku tabbatar da wanda ke da ikon sauya sunan. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya lissafa ginawa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da buɗaɗɗun filaye cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ya kuma ba ta aikin sa wa hanyoyi da tituna suna da bai wa gidaje lamba. Ku lura cewa sakin layin da ya yi maganar suna hanyoyi da tituna ya ambata, don haka sunan fili yakan bi hukumar da filin ke hannunta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana domin amfanin jama'a, ta bar ta cikin birane a ƙarƙashin kulawarsa kai tsaye, ta karkara kuma a ƙarƙashin ƙananan hukumomi. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan unguwarku tana cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, mai yiwuwa ne filin yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, irin su KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, kuma takardar da shugaban ƙaramar hukuma zai sa wa hannu shi kaɗai ba za ta wadatar ba. Ku aika mutum biyu ma'aikatar ƙasa da safiyo su nemo taswirar rabon filayen unguwar, su ga abin da aka rubuta a kan wannan wuri. Wannan taswira za ta yi muku amfani fiye da batun suna, kamar yadda zan nuna a gaba.

Tarihinmu na kusa ya nuna abin da ke faruwa idan aka tsallake doka da masu wuri. Ranar 29 ga Mayu, 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar a jawabinsa cewa an sauya sunan Jami'ar Legas zuwa na Moshood Abiola. Mutumin da aka so karramawa ba ƙaramin mutum ba ne a idon mutanen yankin, amma ɗalibai suka fito zanga-zanga har suka tare babbar gadar Legas, aka rufe makarantar na ɗan lokaci, aka garzaya kotu da hujjar cewa sunan da doka ta kafa sai majalisa ce za ta iya sauya shi, kuma har yau jami'ar tana amsa sunanta na da. A ɗaya gefen, lokacin da gwamnatin Kano ta sa wa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil sunan Aliko Ɗangote a 2022, wanda shi ne uban jami'ar kuma mai tallafa mata, an bi ta majalisar dokokin jiha an gyara dokar, aka kuma bar kalmar Wudil a jikin sunan. Sunan ya zauna a takarda ba tare da rigima ba, ko da yake a bakin mutanen gari har gobe "Jami'ar Wudil" ce.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi son ku nuna wa shugabannin ƙungiyar, domin maslaharsu ce kafin ta kowa. Suna yana rayuwa ne a bakin mutane, allo kuwa shaida ce kawai. Kasuwar Sabon Gari ta Kano sunan Muhammad Abubakar Rimi take ɗauke da shi a hukumance, amma wa ya taɓa tsayar da ɗan Adaidaita Sahu ya ce a kai shi kasuwar Rimi yana nufin Sabon Gari? Idan ya faɗi haka ma, wata kasuwar daban za a kai shi a cikin birni. Asibitin da ke ɗauke da sunan Muhammad Abdullahi Wase har yanzu Asibitin Nasarawa ne ga majinyata, gidan namun dajin da aka sa wa sunan Audu Bako kuwa Gidan Zu ne. A Kaduna, wurin shaƙatawar da ke bakin kogi an sa masa sunan Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya yi gwamnan Jihar Arewa kuma mutane ke ganin girmansa, amma Ƙofar Gamji ake cewa. Babu ƙiyayya a cikin wannan. Tsohon suna ya riga ya shiga kwatancen gida da tashar mota da katin gayyatar aure, kuma ba a fitar da shi da fenti.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ne ya fi ban sha'awa. Babu dokar da ta sa wa wani yanki na Kano suna Bata, kantin takalman kamfanin Bata ne ya daɗe a wurin har jama'a suka raɗa wa wurin sunansa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuwa mutane sun karɓi sunan har suka gajarta shi zuwa Asibitin Malam, yadda ake kiran na gida. Idan ƙungiyar nan ta ci gaba da riƙe burtsatsen tana ba unguwa ruwa, ba da daɗewa ba za ku ji yara na cewa za su ɗebo ruwa a famfon 'yan kasuwa, kuma wannan suna babu shugaban ƙaramar hukumar da zai zo ya goge shi. Idan kuwa ta tilasta sunanta a kan filin gaba ɗaya, abin da za ta samu shi ne allo mai ɗauke da suna guda, jama'a na kiran wani, ga kuma ragowar ɓacin rai a zukatan maƙwabta.

Hanyar da nake ba ku shawara ba sabuwa ba ce, manyan birane sun gwada ta. A birnin Cikago na Amurka an buɗe wani katafaren wurin shaƙatawa mai suna Millennium Park a 2004, kuma attajirai da kamfanoni sun zuba sama da dala miliyan 200 a cikin aikin. Ba a ba ko ɗaya daga cikinsu sunan wurin ba. Iyalin Pritzker sun samu dandalin kiɗa, iyalin Crown sun samu maɓuɓɓugar ruwa, sunan Lurie ya fito a kan lambu, kamfanin BP kuma a kan gadar masu tafiya a ƙasa. Kowa ya ga sunansa a kan abin da kuɗinsa ya taimaka aka gina, sunan wurin kuma ya zauna na birni. Amfanin wannan tsari da ba a cika lura da shi ba shi ne yana barin ƙofa a buɗe ga mai bayarwa na gaba. Filinku zai buƙaci banɗaki da rumfa da wurin wasan yara da itatuwa. Idan ya riga ya zama na wata ƙungiya a suna, wane attajiri ne zai zo ya kashe kuɗinsa don ya ƙawata sunan wasu?

Sai batun wa'adi, wanda mutanenmu ke jin nauyin ambatawa saboda kunya, alhali rashinsa ne ke haifar da babbar kunya daga baya. A 1973 wani attajiri mai suna Avery Fisher ya ba da dala miliyan 10.5 ga wani babban zauren kiɗa a birnin New York, aka sa wa zauren sunansa. Bayan shekara arba'in zauren ya buƙaci gagarumin gyara, masu shi suka rasa abin da za su ba sabon mai taimako, sai da suka amince a 2014 za su biya iyalin Fisher dala miliyan 15 kafin a sauke sunan, sa'annan David Geffen ya ba da dala miliyan 100 aka sa nasa. A birnin Houston na Amurka kuma filin wasan da aka buɗe a 2000 da sunan kamfanin Enron, bisa yarjejeniyar shekara 30, bai cika shekara biyu ba kamfanin ya durƙushe cikin badaƙala, dole ƙungiyar wasan ta biya sama da dala miliyan 2 don ta raba kanta da sunan. Ba ina yi wa 'yan kasuwarku mugun fata ba ne. Amma ƙungiya ba kamar mamacin da aka rufe littafinsa ba ce: shugabanninta na sauyawa, takan dare gida biyu a kan zaɓe ko kuɗi, takan jingina da wata jam'iyya, takan kuma mutu a bar sunan. A gida ma mun ga yadda suna ke kai da komo: Jami'ar Northwest ta Kano, wadda aka kafa a 2012, ta koma Jami'ar Yusuf Maitama Sule a 2017, sa'annan aka mayar mata da sunanta na farko a ƙarshen 2024, ɗalibai kuma suka fita da takardun shaida masu sunaye daban-daban daga makaranta guda. Kuka ba ta shiga jam'iyya, wannan kaɗai babbar daraja ce ga sunan da kuke da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka, gaskiya, katangar ce fiye da sunan. Fili mai katanga yana da ƙofa, ƙofa tana da makulli, makulli kuma yana hannun wani. Idan aka haɗa makulli da suna a hannu guda, a hankali jama'a sukan fara ɗaukar wurin a matsayin mallakar masu sunan, su ma masu sunan su fara jin haka. Yau a rufe don taron ƙungiya, gobe a ba da haya ga masu biki don a samu kuɗin gyara, jibi a ce a fitar da 'yan shaguna a jikin katanga ta bakin titi domin su riƙa ɗaukar nauyin wurin, kowane mataki da hujjarsa mai daɗin ji. Ta irin wannan hanya garuruwanmu suka yi asarar filaye masu yawa, kuma wanda ya ga shagunan da aka gina a filin Idi na Kano da rusau ɗin da ya biyo baya a 2023, da asarar dukiya da shari'ar da suka biyo, ya san cewa hana ginin tun farko ya fi sauƙi ga kowa. Don haka yarjejeniyar ta faɗi a sarari cewa filin na jama'a ne kamar yadda taswira ta nuna, cewa aikin da ƙungiyar ta yi kyauta ce wadda ba ta haifar da mallaka ko haya, cewa ba za a karɓi kuɗin shiga ba, ba za a yi gini na dindindin ba sai da izinin hukumar tsara birane, kuma makullin zai zauna a hannun kwamitin unguwa wanda ƙungiyar ke da wakilci a cikinsa.

A cikin takardar kuma a ɗaure sunan da kulawa. Gini ba shi ne mai wuya ba, riƙo ne. Batiran fitilun za su mutu bayan 'yan shekaru, injin burtsatse zai ƙone, ana buƙatar albashin maigadi da mai shara kowane wata. Ku ba ƙungiyar sunan rijiyar da wurin zama na shekara 10, misali, bisa sharaɗin za ta ɗauki waɗannan nauye-nauye, a sabunta idan ta cika alkawari. Allon godiya kuwa, mai ɗauke da sunan ƙungiyar da shekarar aikin da abin da ta yi, wannan a kafa shi a bakin ƙofa ba tare da wa'adi ba, domin tarihi ne, kuma tarihi ba ya ƙarewa da ƙarewar yarjejeniya.

Na san za a kawo maganar addini a zamanku, kuma wannan fagen malamai ne, amma zan ja hankalinku kada a yi amfani da ita wajen muzanta kowa. Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya yaba bayyana sadaka, ya ce ɓoye ta ya fi alheri, ya kuma yi gargaɗi a kan ɓata ta da gori da cutarwa. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa mutanen Madina ana danganta ta gare shi har yau, hanyar ruwan da Zubaida matar Haruna Rashid ta ja wa mahajjata a Makka ma da sunanta aka san ta. A duka biyun, sunan yana kan ruwan da suka samar, ba a sauya wa garin ko unguwar suna ba. Wanda ya tashi a taro ya kira 'yan kasuwar nan masu riya ya shiga abin da Allah kaɗai ya sani, kuma ya rufe ƙofar sulhu.

Game da yadda za ku ji ra'ayin jama'a, kada ku dogara da taro guda a ƙofar gidan hakimi. A irin wannan zama manya ne ke magana, kuma da yawa daga cikin mahalarta yaran shagon 'yan ƙungiyar ne, ko masu haya a gidajensu, ko masu cin bashi a wurinsu, ba za su iya musa musu a bainar jama'a ba. Waɗanda suka fi amfani da filin kuwa galibi ba sa zuwa: matan da ke ɗibar ruwa da masu tuyar ƙosai da awara a gefensa, samarin ƙwallo, tsofaffin da ke hira a gindin kukar, da baƙin da suka daɗe a unguwar, Musulmi da Kirista. Ku raba kanku ku bi su inda suke, ku sa mata su ji ta bakin mata ta hanyar makarantun Islamiyya da ƙungiyoyinsu, ku rubuta abin da aka faɗa ba tare da sunan mai faɗa ba. Kafin a karanta sakamakon a fili, dattawa biyu ko uku da 'yan ƙungiyar ke jin nauyinsu su same su a gida da wannan tayi, domin mutumin da aka ba mafita a cikin ɗaki yakan fito ya sanar da ita a matsayin shawararsa, wanda aka kayar a gaban jama'a kuwa ba ya mantawa.

Akwai yanayin da zan goyi bayan a ba ƙungiya sunan fili ɗungurungum, wato idan ita ta sayi ƙasar da kuɗinta ta yi wakafinta ga jama'a, ko kuma sabon wuri ne da bai taɓa samun suna a bakin mutane ba. Naku bai shiga ko ɗaya ba. Idan kuma kuka ga an kafe har ana neman raba zumunci, mafi ƙarancin ɓarna shi ne a rubuta sunan asali da manyan baƙaƙe a sama, a ƙasansa a rubuta cewa ƙungiya kaza ce ta gyara shi kuma take kula da shi.

Tunda sunan daga kukar ya samo asali, ku je ku duba halin da take ciki bayan wannan aiki. Masu kwangila sukan malale gindin itace da siminti ko su datse saiwa wajen haƙa harsashin katanga da shimfiɗa bututun ruwa, kuma tsohuwar bishiya ba ta nuna ciwonta nan take, sai bayan damina biyu ko uku a ga rassa na bushewa. Idan an rufe gindinta, a fasa simintin a bar mata ƙasa buɗe gwargwadon faɗin inuwarta, a hana ƙona shara a kusa da ita, a kuma nemi jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma ya zo ya duba ta kafin ku miƙa wa hakimi rahotonku.